Shekara Bakwai Ina Jiran Amsar Roma

Yanzu idan na shiga coci ranar Lahadi ba na wahalar neman wurin zama. Benci guda nake samu ni kaɗai, in jingine sandata a gefe, in miƙe ƙafar da ke mini ciwo ba tare da na taɓa kowa ba. Makon jiya limaminmu, wani yaro daga ƙasashen bakin teku wanda Hausa ke yi wa gardama, ya karanta mana takarda daga manya. Takardar kuka ce. An ce muna raguwa. Samari sun koma sababbin majami'un nan masu lasifika da ganga, wasu aure ya ɗauke su, wasu kuma ba inda suka koma, sun dai daina zuwa. An ce limamai sun yi ƙaranci, akwai ƙauyukan da ke yin wata da watanni ba su ga lames ba, wato babbar sujadarmu ta Katolika. An ce har a ƙasashen Turawa ana ta gardama ko za a fara naɗa masu aure, wasu ma suna cewa mata. Daga ƙarshe aka ce mu durƙusa mu roƙi Ubangiji ya taɓa zukatan samarinmu su ba da kansu. Kowa ya durƙusa. Ni gwiwa ba ta barina, kowa ya sani, don haka ba wanda ya yi mamakin ganina zaune. Amma ko da lafiyarta ƙalau, ban san ko zan durƙusa ba. Ni na taɓa ba da kaina, gaba ɗaya, ban rage komai ba. Abin da aka yi da kyautar nan shi nake so in faɗa tun ina da sauran numfashi.

Yamai da na buɗe ido a ciki ba wannan ba ce. A Gaweye muke, bakin gulbi, tun babu gada, tun ba a rushe gidajen laka an kafa dogayen benaye ba. Mai son ƙetarewa sai ya jira bak, wani faffaɗan jirgin ƙarfe da ke kwasar mota da jaki da mutane a tafi ɗaya, ko kuma ya shiga kwalekwalen masunta. Kunne ke fara sanin gari ya waye kafin ido. Da fari kiran salla daga masallacin unguwa, muryar mutum tsurarta, babu na'ura. Sai zakaru. Sai tabarya ta fara sauka cikin turmi gida gida, matan Zabarmawa masu gangarawa wanki suna ta gaisuwar fofo, fofo da junansu. Sa'an nan ƙararrawarmu. Ƙararrawa muke ce mata don girmamawa, amma tsohon ƙarfen ƙafar kamyo ne, babbar motar kaya, aka rataye a reshen dogonyaro ana dukansa da guntun ƙarfe. Amonsa na kaiwa har tsakiyar ruwa, masunta Musulmi ma da shi suke sanin lokacin juyowa gida. Yau an sayo ƙararrawa ta gaske daga waje, ta tagulla, amma ƙarar motoci da kabu-kabu ba ta barin ko maƙwabcin coci ya ji ta.

Babana Ba'are ne daga wajen Dogondutsi, yana cikin na farkon da suka karɓi baftisma a ƙauyensu, abin da ya sa ƴan'uwansa suka daina sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi. Ya biyo Turawan misiyon zuwa Yamai yana yi musu aikin garka. Inna kuwa ita ke wanke kayan coci da gugarsu. Mu ƴaƴa babu mai zama haka nan. Mu ke ɗauko ruwa daga gulbi a tulu, mu bar shi ya kwanta kafin Inna ta yarda ya taɓa farin ƙyallen bagadi. Mu ke hura gawayin dutsen guga har idanu su yi ja. Mu ke share coci ranar Asabar, Baba na tsaye a ƙofa yana cewa, "Ku yi sharar nan kamar Mai gidan na kallonku, don kuwa yana kallo." Katanga ɗaya ta raba mu da wani Alhaji ɗan Damagaram mai fataucin fatu. Ranar Layya cinyar rago ce ke tsallako katangar, ranar Nowel kuma, wato Kirsimeti, shinkafar Inna ce ke tsallakawa. Malam na ƙararrawa Alhaji yake kiran Baba, su yi ta musun addini a kan tabarma ɗaya har rana ta faɗi, kowa ya tashi ya nufi ibadarsa. Mu ƴan kaɗan ne a garin, kuma kusan duk Kiristan da ke cikin cocin baƙi ne, ma'aikata daga Dahome da Togo. Hausawa ba mu cika benci uku ba. Amma ban taɓa jin wani ya yi kukan ƙarancinmu ba, don muna ganin kanmu farkon abu ne.

Limaman nan Turawa Mompe muke ce musu, yadda muka ji ana kiransu da Faransanci, kowanne kuma da laƙabin da muka liƙa masa. Namu Mompe Gemu ne. Zan yi ƙarya in na ce mugu ne. Hausa yake yi kamar a Arewa aka yanke masa cibiya, ya zauna ƙasa ya ci tuwon Inna da hannu, ya cire wa mutum haƙori mai ciwo ba ya tambayar addininsa. Shi ya sa ni lakwal, makarantar boko, shi ya koya mini Latin a gindin dogonyaron nan, in na yi kuskure ya ja mini kunne, in na yi daidai ya yi dariya har gemunsa na rawa. Bayan Baba babu namijin da nake so kamarsa.

Na gama lakwal a daidai lokacin da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu. Garin ya cika da zancen ƴanci. Turawan buro, ofisoshin gwamnati, na ta ɗaure akwatuna, ana neman ƴan ƙasa masu takarda ido rufe don su hau kujerun. Wata Lahadi bayan lames Mompe ya kira ni ɗakin da ake ajiye riguna, ya rufe ƙofa.

"Ɗana, ƙasa ta samu ƴancinta," ya ce. "Coci kuma har yanzu da bakin baƙo take magana. Mu wata rana za a ce mu tafi, ko tsufa ya kore mu. Wa zai tsaya a bagadin nan ya yi wa mutanenka magana da harshen uwarsu?"

Na ce, "Mompe, irina zai iya?"

"Da ba za ka iya ba da ban rufe ƙofa ba."

Da na faɗa wa Baba, sai ya tashi ya shiga bayan ɗaki ya daɗe, ya fito idanunsa jajur. Inna ce ta yi magana, ta ce, "Ke nan ba zan goyi ɗanka ba." Sai kuma ta ce, "To, in Shi ya nema, wa zai hana?" Aka sa ni a bayan kamyo zuwa makarantar limamai a ƙasar Mosi, wadda a lokacin ake kira Hot-Bolta. Shekara huɗu na yi can, kuma ban taɓa kwana da shakka ba.

A hutun shekara ta huɗu abin ya faru. Misiyon na da garka a Saga, kusa da fadamun shinkafa, inda Baba ke noma salati da tumatir da kabeji. Akwai wani tsohon moter da ke jawo ruwa daga gulbi, in ya mutu sai an yi rabin yini ana fama kafin ya tashi. Ran nan da hantsi muna can mu uku, ni da Baba da Mompe, sai igiyar robar da ke juya shi ta zame, ta koma gefe tana shirin fita. Baba ya ce, "Mompe, a kashe shi tukuna." Mompe ya dubi shukar da ke langaɓewa cikin zafi, ya ce, "In ya mutu yau ba mu da ruwa. Ɗana, hannunka siriri ne, tura ta ciki da sauri." Ban yi tunani ba. Mompe ya ce, na yi. Abin da na fi tunawa ba zafin ba ne, ƙarar moter ɗin ce da ta canza na ɗan lokaci, kamar ya haɗiyi wani abu, sa'an nan ta koma daidai. Da na jawo hannuna na dama babu babban yatsa, babu manuni.

Mompe ne ya sungume ni zuwa motarsa, farar rigarsa ta rine da jini tun daga ƙirji har ƙasa. Yana tuƙi yana kuka yana cewa, "Laifina ne, laifina ne." Ni da nake zubar da jini ni ke ba shi haƙuri. Wata guda na yi a gidan likita. Mai wanke mini ciwon wata yarinya ce ƴar Maraɗi, Tereza, Kirista ita ma, mai hannu da sanyi da baki da kaifi. In na yi ƙara ta ce, "Haba Mompen gobe, mai shirin ɗaukar zunuban mutane ne ke raki haka?"

Sai da ciwon ya kame Mompe ya zaunar da ni ya faɗa mini abin da ni ma na riga na karanta a makaranta, nake ta gudun tunawa. A dokar coci ta wancan zamani, yatsun nan biyu su ne limami ke riƙe gurasa mai tsarki da su. Wanda ya rasa su ba a naɗa shi, sai in Roma ta ba da izini na musamman.

"Amma ana bayarwa," ya ce, yana riƙe da kafaɗata. "An sha bayarwa. Zan rubuta wa Monsenyer, shi kuma ya aika Roma. Ba za ka koma makaranta ba sai amsa ta zo. Kafin nan ka taimake ni da ƙauyuka."

Monsenyer shi ne babban limamin ƙasar duka, a wurinmu kamar sarki yake, ba a zuwa gabansa sai an kira mutum. Na ce, "Mompe, kamar wata nawa?"

"Roma ba ta gaggawa, ɗana. Amma tana amsawa."

Haka na zama katekis, mai koyar da addini ba tare da rigar limami ba. Aka ba ni keke da jaka. Na koyi rubutu da hagu, na koyi riƙe kan keke da yatsu uku. Ina da Hausa, ina da Zabarmanci, ina da Faransanci, duk inda Mompe ba ya iya zuwa ni ke zuwa. Na bi gefen gulbi sama da ƙasa, na shiga zangon ƴan ci-rani, na kwana a rumfar gero, na sha ruwan da jaki zai yi wa kallo biyu. Yau ana taro a ɗaki mai sanyi ana shawarar yadda za a kai bishara, a rubuta a allo, a ci abinci a watse. Mu a lokacin ba mu san ana shawararta ba. Zuwa ake yi a zauna da mutum, a taya shi ɗaurin dami, a yi jinyar ɗansa, in ya tambaya a faɗa masa. A wurare huɗu na tara mutane har suka kafa rumfar addu'a da hannunsu. In na samu kaina ni kaɗai a hanya sai in yanka rogo siriri kamar gurasar bagadi, in yi ta gwada ɗaga shi da yatsan tsakiya da na kusa da shi, don ranar da Roma za ta ce a gwada ni a same ni a shirye.

Komai ina yi, ban da abu biyu. Ba na lames, ba na karɓar furcin zunubi. Akwai wani tsoho masunci da na koyar har ya karɓi baftisma, ciwo ya kwantar da shi a wani ƙauye mai nisan yini guda a keke. Ya kama rigata ya ce, "Malam, akwai abin da na aikata tun ina saurayi, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ka karɓa ka sauke mini." Na ce masa ba ni da iko, sai Mompe. Ya ce, "Kai ka kawo ni hanyar nan, yanzu kuma ka ce ba ka da mabuɗin?" Na hau keke na yi ta tuƙi har cinyoyina suka daina ji. Kafin mu komo da Mompe a mota an rufe shi. A bakin kabarin na tambayi Mompe ko akwai labari daga Roma. Ya girgiza kai ya ce, "Ka ga dalilin da ya sa muke bukatarka. Ƙara haƙuri."

Duk ranar da jirgin sama ya sauka da wasiƙu sai na sami dalilin ratsawa ta ofishin misiyon. Har mai dafa wa Mompe abinci ya gane, in ya hango ni sai ya kaɗa hannu tun daga nesa, alamar babu.

Duniya kuwa ba ta tsaya jirana ba. Wani abokina da na fi shi ƙoƙari a lakwal ya zama darakta a wani buro na gwamnati. Ya zo har gida da mota ya ce suna neman irina, ko gobe in na so. Na ce ina jiran amsa. Alhaji maƙwabcinmu ya ji, ya kira ni ya ce, "Yaro, ni ban san dokarku ba. Amma na yi fatauci har Makka, ban ga wasiƙar da ke shekara uku a hanya ba. Ka tambayi mutumin nan da kyau." Na ji haushinsa har na yi mako ban gaishe shi ba. A raina na ce, ina Musulmi zai gane sha'anin Roma.

Tereza ma ta jira, ko da yake ban taɓa ce mata ta jira ba. Mukan haɗu bayan lames, ta duba hannun kamar har yanzu aikinta ne, ta tambayi labarin ƙauyuka. A shekara ta biyar ta tare ni a ƙofar coci da rana tsaka, mutane na wucewa, ta ce, "Iyayena sun aiko daga Maraɗi, akwai wani malamin lakwal da ke nemana. Ban amsa ba. Ina so in ji daga bakinka, kai limami ne ko ba limami ba ne?"

Na ce, "Ina jiran amsa, Tereza."

"Ba Roma na tambaya ba. Kai na tambaya."

Na sunkuyar da kai. Ina sonta, Allah ya sani, kuma ita ma ta sani. Amma na ga in na ce mata mu yi aure, wata guda bayan nan amsa ta zo, me zan ce wa Ubangiji, me zan ce wa Mompe? Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ce, "Allah ya kawo maka amsarka." Ni na karanta sanarwar aurenta a coci, don ran nan Mompe na fama da mura, muryarsa ba ta fita.

Baba ya rasu a shekara ta shida. Ana gobe zai cika ya ce mini, "Na so in karɓi gurasa daga hannunka ko sau ɗaya. Ba komai. In ta zo ka tuna da ni a lames ɗinka na fari." Na yi masa alkawari.

A shekara ta bakwai ciwon hanta ya kama Mompe Gemu aka mai da shi ƙasarsu. Na raka shi har filin jirgi, na ɗaukar masa akwati, ya rungume ni ya ce zai bi mini zancen daga can, ai ya fi kusa da Roma. Wanda ya gaje shi saurayi ne, bai fi ni shekaru ba, muka sa masa Mompe Ƙarami. Bayan mako biyu na tambaye shi ko ya ga wani abu game da izinina. Ya ce wane izini? Na ba shi labari tun daga garkar Saga. Ya ce zai duba takardu. Washegari da safe ya aiko a kira ni. Na same shi tsaye, fuskarsa ta yi fari fat, da wata siririyar takarda a hannu, irin kwafin da ke fita a ƙarƙashi in an buga wasiƙa da keken rubutu.

"Na kwana ina tunanin ko in nuna maka," ya ce. "Ba ni da ikon ɓoye maka. Zauna."

Ban zauna ba. Wasiƙar Mompe Gemu ce zuwa ga Monsenyer, an rubuta ta ina kwance a gidan likita, tun ciwon bai daina jini ba. Sau ɗaya na karanta ta, amma har yau zan iya maimaita ta. Ya ce hatsarin abin baƙin ciki ne, amma wataƙila da hikimar Allah a ciki. Ya ce yaron yana da harsuna uku da farin jini wurin mutane, in aka mai da shi makaranta za a rasa shi shekaru, in an naɗa shi kuma wa ya san inda za a tura shi, alhali ƙauyuka yanzu suke bukatar katekis irinsa. Ya ce don haka ba ya ganin amfanin a nemi izini daga Roma. A ƙasa ya ƙara layi biyu. Ya ce shi zai san yadda zai bi da yaron a hankali, domin in aka yanke masa ƙauna gaba ɗaya, gwamnati za ta ɗauke shi cikin mako guda.

Babu wata wasiƙa da ta taɓa tafiya Roma. Shekara bakwai ina leƙen jakar wasiƙu, ina jiran amsar tambayar da ba a yi ba.

Ban yi ihu ba, ban fasa komai ba. Na miƙa wa Mompe Ƙarami takardarsa, na jingine keken misiyon a bango, na ajiye jakar a kansa, na taka da ƙafa har gida. Inna na guga. Na faɗa mata. Ta ajiye dutsen gugar a kan farin ƙyallen bagadi, ta zauna a ƙasa, ba ta tashi ba sai da ƙaurin ƙuna ya cika ɗakin. Tsawon shekarun da ta yi tana wannan aiki, ran nan ne kaɗai ta ƙona kayan coci. Alhaji ya leƙo da ya ji shiru ya yi yawa. Na zaci zai ce ai ya faɗa mini, ko ya ce in zo wurinsu. Bai ce ko ɗaya ba. Ya ce, "Yau ba ranar da za ka yanke shawarar komai ba ce. Ka ci abinci tukuna." Ya aiko da fura.

Monsenyer ya kira ni. Ya ce shi ya ɗauka an faɗa mini gaskiya tun tuni, ya ɗauka ni na zaɓi zama katekis. Ban sani ba ko haka ne. Ya ce in ina so, a ranar zai rubuta Roma da hannunsa. Na roƙi kwana uku. Son abin bai mutu ba, har yanzu da nake wannan magana bai mutu ba. Amma na duba na ga aikin limami shi ne ya tsaya gaban mutane ya ce su amince, su buɗe masa cikinsu. Ni kuwa a lokacin ko gaisuwa aka yi mini da farar riga sai na juya ta ina neman abin da ke ƙarƙashi. Na koma na ce masa na gode, a bar shi. Na sami aikin koyarwa a lakwal ta gwamnati wajen unguwar Lazaret, na yi shekara talatin ina rubutu a allo da hagu. Daga baya na auri wata bazawara mai kirki, muka haifi ƴaƴa. Coci kuwa ban bar ta ba. Mutane da yawa sun yi mamaki. Ni dai na ga ba Mompe ne ya mutu domina ba, kuma Baba na kwance a makabartarta. Na koma bencin baya na zauna. Rumfunan nan huɗu da na kafa, biyu sun zama coci, biyu sun watse don an rasa mai zuwa. Dokar yatsun ma ashe daga baya an cire ta daga littafi. Ba wanda ya zo ya faɗa mini, a bakin wani ɗalibin makarantar limamai na tsinta, yana ba da labarinta yana dariya kamar tatsuniya.

Na sake ganin Mompe Gemu sau ɗaya. Furfura ta riga ta fara mini lokacin da aka gayyato shi wani babban biki na cocin. An turo shi a keken marasa lafiya, gemun ya zama fari tas, ya ƙanƙance kamar yaro. Aka kai shi bagadi ya yi lames tare da sauran. Hannuwansa rawa suke yi ba tsayawa, ko cokali ba za su riƙe ba. Da lokacin ɗaga gurasa ya yi sai wani limami saurayi ya sa hannunsa a ƙarƙashin nasa ya tallafe, suka ɗaga tare. Mata na ta share hawaye don abin ya ba su tausayi. Ni ina daga baya ina kallo. Ashe abin da ake bukata ke nan, mutum ɗaya ya tsaya a gefenka.

Bayan an tashi aka ce yana nemana. Na same shi a inuwa, mutane sun kewaye shi, ya ce a ba mu wuri. Hausarsa na nan ba ta tsufa ba.

"Ɗana, an ce ka ga takardar."

"Na gani, Mompe."

Na jira. Shekara da shekaru ina shirya abin da zan ce in ya nemi gafara, wani lokaci in yafe a raina, wani lokaci in ƙi. Ya ɗago ya ce, "Jiya an kai ni cocin nan biyu na bakin gulbi. Cike suke. Da ka koma makaranta da babu su. Na yi maka ciwo, na sani. Amma ka faɗa mini tsakaninka da Allah, na yi kuskure?"

Duk abin da na shirya ya watse. Abin da ya fito daga bakina ban taɓa tunaninsa ba sai a lokacin, kuma da na ji shi na san shi ne gaskiyar.

"Mompe, da kun tambaye ni, da na yarda."

Ya ce, "Me?"

"Da kun zaunar da ni kun ce, ɗana, ƙauyuka sun fi bukatarka a kan keke, ka bar zancen riga, wallahi da na yi kukana na kwana biyu na hau keken. Da na auri Tereza muka tafi tare, ita tana jinya ina koyarwa, da yanzu ba coci biyu za a kai ku gani ba. Babu abin da za ku nema a wurina in hana ku. Ba sai kun sace ba."

Na tsaya har na ƙirga numfashinsa, ina ba shi lokaci. Sai wata mata ta zo da jikanta tana so a sa masa albarka, mai tura keken ya juya shi wajenta, ni kuma na matsa na ba su hanya.